Mai Idris Alooma na Barno: Rayuwarsa da Mulkinsa (1564–1596)

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin ƙasar Hausa ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Barno. Tun daga labarin Bayajida, wanda aka ce ya yada zango a can kafin ya iso Daura, har zuwa al'adar tafiya gabas neman karatun Alƙur'ani, Barno ta kasance babbar maƙwabciya wadda Hausawa ke kallo da girmamawa, wani lokaci kuma da fargaba. Saboda haka ya wajaba ɗalibin Hausa ya san wani abu game da sarakunan da suka ɗaukaka wannan daula. A cikinsu babu wanda sunansa ya kai na Mai Idris ɗan Ali, wanda aka fi sani da Idris Alooma.

Wannan sarki ya yi zamani da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila (1558–1603) da Sarki Akbar na Indiya (1556–1605) da kuma Askiya Dawud na Songhai. A zamaninsa ne daular Songhai ta rushe, amma Barno ta ɗore fiye da shekara ɗari biyu bayansa. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa wannan ɗorewa tana da alaƙa da yadda Idris ya fara da gyaran cikin gida, ya tsare tsakiyar ƙasarsa, sannan ya ɗora mulki a kan shari'a da ma'auni da rubutu. Haka kuma za a dubi abin da wannan aiki ya jawo wa al'ummomin da aka ci da yaƙi.

2.0 Inda Aka Samo Tarihinsa

Mafi yawan abin da aka sani game da Mai Idris ya fito ne daga alƙalamin mutum guda, wato babban limaminsa, Ahmad ɗan Fartuwa. Wannan malami ya rubuta littattafai biyu da Larabci. Na farko, wanda ya kammala a 1576, ya ƙunshi yaƙe-yaƙen da sarkin ya yi a Barno da kewayenta cikin shekaru goma sha biyu na farkon mulkinsa. Na biyu, na 1578, ya taƙaita ne a kan yaƙe-yaƙen Kanem. Limamin ya bayyana cewa ya yi koyi ne da wani malami da ya gabace shi, Masfarma Umar ɗan Usman, wanda ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen kakan sarkin. Wannan ya nuna cewa rubuta tarihi daɗaɗɗiyar al'ada ce a fadar Barno.

Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, shi ne ya samo kwafen littattafan a Kukawa a shekarun 1850 ya aika da su Turai. H. R. Palmer ya buga fassarar na farko da Ingilishi a 1926, sannan Dierk Lange ya fitar da sabuwar fassara mai sharhi a 1987. Baya ga waɗannan akwai Diwanin sarakunan Barno, wanda ya jera sunayensu da tsawon mulkinsu, da wasu wasiƙu da aka adana a Santambul, da bayanan marubutan fadar Maroko, sai kuma labaran baka.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai nazari ya riƙe. Na farko, ɗan Fartuwa bafade ne mai yabon ubangidansa, kuma ya ɗauki kowane yaƙi na sarkin a matsayin jihadi. Na biyu, rubutunsa ya tsaya a 1578, alhali sarkin ya ƙara kusan shekara goma sha takwas a kan gado. Ta fuskar shekaru kuwa, tsofaffin littattafai sukan ba da 1571 zuwa 1603 a matsayin zamanin mulkinsa, amma lissafin Lange ya tsayar da 1564 zuwa 1596, kuma shi aka bi a wannan babi.

3.0 Barno Kafin Hawansa

Idris ya fito ne daga gidan Saifawa, waɗanda suka fara mulki a Kanem, gabas da Tafkin Cadi, tun wajen ƙarni na 11. Babban birninsu shi ne Njimi. A ƙarshen ƙarni na 14 rikicin gado ya raunana gidan, sai wata al'umma mai suna Bulala ta taso musu, ta kashe sarakunansu bi da bi. A shekarun 1380 Mai Umar ɗan Idris ya bar Kanem ya ƙaura da jama'arsa zuwa yammacin tafkin, wato ƙasar Barno. Kusan shekara ɗari Saifawa suka yi ba su da tsayayyen birni, sai a wajen 1472 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin Yobe. Kufansa yana nan a yankin Gaidam ta Jihar Yobe. Ɗansa, Idris Katagarmabe, ya ci Bulala da yaƙi har ya shiga Njimi a farkon ƙarni na 16.

Duk da wannan nasara, daular da Idris Alooma ya gada ba ta zauna da gindinta ba. Saifawa baƙi ne a Barno, kuma mutanen da suka tarar, musamman Sau, ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Wasu garuruwansu suna kusa da babban birnin kansa. Ngizimawa suna tare hanyoyin yamma, Abzinawa suna kawo hari daga arewa, Bulala kuma suna ta da ƙayar baya duk lokacin da suka ga sarari. A taƙaice, sarki yana da suna a nesa, amma matafiyi ba ya da aminci a bayan ganuwa.

4.0 Haihuwarsa da Hawansa Gado

Mahaifin Idris shi ne Mai Ali ɗan Idris Katagarmabe, wanda bai daɗe a kan gado ba ya rasu, ya bar ɗan nasa yana ƙarami. Mahaifiyarsa kuwa, bisa ga labaran baka, 'yar gidan sarautar Bulala ce mai suna Amsa, shi ya sa ake kiransa Idris Amsami. A Barbarci ɗafin -mi yana nufin ɗan wance ko ɗan wane. Ke nan jinin gidaje biyu masu gaba da juna ya haɗu a jikinsa, abin da ya yi tasiri a kan yadda ya warware matsalar Kanem daga baya.

Bayan rasuwar mahaifinsa sarauta ta koma wani reshe na gidan. Mai Dunama ɗan Muhammadu ya hau, sannan ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Labaran baka sun nuna cewa a wannan tsakani an ɓoye yaron don gudun kada masu mulki su halaka shi, kasancewarsa mai haƙƙin gado. Haka kuma sun ambaci wata mace, Aisa Kili, wadda aka ce ta riƙe sarautar na wasu shekaru kafin ta miƙa masa. Wasu ruwayoyin sun ce yayarsa ce, wasu kuma sun haɗa ta da mahaifiyarsa. Ɗan Fartuwa bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Ko ma yaya aka ɗauki labarin, ya dace da matsayin mata a fadar Barno, inda Magira, wato uwar sarki, da Gumsu, uwargidan sarki, suke da iko da dukiya da ƙasashen da suke riƙe da su.

Tun a farkon mulkinsa Idris ya tafi aikin Hajji, ya kuma ziyarci Madina. Hanyar ta ratsa da shi ƙasashen da ke ƙarƙashin daular Turkawa, wadda a lokacin take kan ganiyarta, tana riƙe da Masar tun 1517 da Tarabulus tun 1551. A can ya ga irin aikin da bindiga ke yi da yadda ake tsara runduna, ya dawo gida da niyyar yin amfani da abin da ya gani.

5.0 Gyaran Runduna

Ɗan Fartuwa ya lissafa samun Turkawa 'yan bindiga cikin ni'imomin da aka yi wa sarkin. Waɗannan baƙi sun koya wa bayin fada harbi, har aka sami rukunin 'yan bindiga na sarki shi kaɗai. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu: ya ba shi makamin da abokan gaba ba su da shi, ya kuma rage dogaronsa ga hakimai masu dawakai, waɗanda a da sai da yardarsu ake fita yaƙi.

Amma bindigar wancan zamani tana da jinkirin ɗuri, ga ƙarancin albarushi, don haka ba ita kaɗai ta kawo nasara ba. Abin da ya fi fitowa fili a labarin yaƙe-yaƙensa shi ne kula da guzuri da sufuri. Ya sa aka sayi raƙuma da yawa don ɗaukar kaya da ruwa a maimakon takarkarai da jakuna, waɗanda ba sa jure doguwar tafiya a busasshiyar ƙasa. Ya shigar da Koyam, makiyaya masu raƙuma, cikin runduna. Ya sa aka sassaƙa manyan jiragen fito a madadin ƙananan kwalekwale, ta yadda runduna za ta ƙetare kogi cikin ɗan lokaci. A fagen fama kuma yakan jera masu garkuwa da 'yan bindiga da 'yan baka da barade, kowane rukuni da wurinsa da aikinsa.

6.0 Yaƙe-yaƙensa

6.1 Yaƙin Cikin Gida

Idris ya fara ne da abokan gaba mafi kusa, wato Sau-Gafata, waɗanda ke zaune a dazuzzukan bakin kogin Yobe. Sarakunan da suka gabace shi sukan kai musu hari su kwashi ganima su koma, su kuwa su fito daga daji su ci gaba da zamansu. Shi sai ya sauya dabara. Ya gina wani gari mai ganuwa kusa da Damasak, ya zuba dakaru a ciki su zauna dindindin. Sunan da ɗan Fartuwa ya kira garin da shi, Sansana, ya yi daidai da kalmar sansani ta Hausa. Daga irin waɗannan ribaɗoɗi ne ake fita da rani a sare itatuwan da mutanen ke fakewa a ciki, da damina kuma a lalata shukarsu tun ba ta nuna ba. Aka yi ta haka shekara da shekaru har yunwa ta karya su. Waɗanda suka tsira daga takobi, wasu aka bautar da su, wasu suka gudu, wasu kuma suka narke cikin Barebari. Makamancin wannan ya faɗa wa Sau-Tatala na gaɓar Tafkin Cadi, waɗanda da yawansu suka tsere zuwa cikin tafkin.

Yaƙin da limamin ya fi ba da cikakken bayaninsa shi ne na Amsaka, wani gari mai kafi da gwalalo a kudancin tafkin, wanda ya zama mafakar masu ƙin biyayya daga wurare dabam-dabam. Da rundunar Barno ta yi masa ƙawanya a 1575, sai aka fara cike gwalalon da karan dawa, mutanen gari suka cinna masa wuta. Sarki ya ce a cike da ƙasa. Ya kuma sa aka kafa dogayen hasumiyoyi na itace a gefen garin, 'yan bindiga suka hau suna harbi har cikin kafi. Bugu da ƙari, ya hana mutanensa mayar da kibau, ya ce a tattara duk wadda aka harbo a ajiye, har kwarin mutanen garin ya ƙare. Da aka fara sare kafin sai suka fita da dare, aka bi su aka kama. Ɗan Fartuwa bai ɓoye ƙarshen labarin ba: an kashe mazan da aka kama, mata da yara kuma aka mayar da su bayi.

Haka ya bi da Ngizimawa a yamma da Margi a kudu, ya kuma sa baki a rikicin sarautar Mandara, inda ya mayar da wanda yake goyon baya kan gado. Sakamakon duk wannan shi ne tsakiyar Barno ta zama dunƙulalliyar ƙasa mai harshe ɗaya rinjaye da addini ɗaya, wadda fatake da manoma ke zirga-zirga a cikinta ba tare da tsoro ba.

6.2 Kano da Abzin da Kawar

Ta ɓangaren yamma, limamin ya ce mutanen ƙasar Kano sun kakkafa garuruwa masu kafi, suna fitowa daga ciki su kai hari kan iyakar Barno su koma. Idris ya fita da kansa ya rurrushe waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, amma Dala ta gagare shi, wato birnin Kano kansa bai faɗa hannunsa ba. Wannan shaida ce mai daraja ga ɗalibin tarihin Hausa, domin ta fito daga bakin marubucin da ba shi da wata bukata ta yabon Kano. Ta nuna ƙarfin ganuwar birnin a ƙarni na 16, ta kuma nuna cewa manufar sarkin ita ce tsare iyaka da hanyar ciniki.

Ta arewa kuwa ya kai wa Abzinawa yaƙi har sau da dama don hana su farmakin da suke kai wa makiyaya da manoma. Ya kuma tabbatar da ikonsa a Kawar, inda Bilma take, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Wannan yanki shi ne maƙogwaron Barno, domin ta nan ayari ke bi zuwa Fezzan da Tarabulus, daga nan kuma ake samun gishiri.

6.3 Kanem

Tsakanin 1574 da 1578 Idris ya kai jerin yaƙe-yaƙe Kanem a kan Sarkin Bulala Abdul Jalil. Ya ci nasara a fagen fama sau da yawa, amma abokin gabar yakan janye zuwa cikin hamada, ya dawo bayan rundunar Barno ta koma gida. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen sarkin ya isa Njimi, ya ziyarci kaburburan kakanninsa, aka yi musu addu'a.

A nan ne hangen nesansa ya bayyana. Ga shi a ƙasar da kakanninsa suka yi kusan shekara ɗari biyu suna begen komawa, amma bai mayar da gadon sarauta can ba, bai kuma nemi shafe gidan Bulala ba. Sai ya goyi bayan wani ɗan gidan, Muhammadu ɗan Abdullahi, ya naɗa shi sarkin Kanem, aka yi yarjejeniya aka raba ƙasa, aka shata iyaka, aka kuma rubuta. Barno ta ɗauki wasu yankuna, Bulala suka riƙe saura a ƙarƙashin inuwarta. Da wannan aka kashe wutar gabar da ta ci sarakuna da dama tun ƙarni na 14.

7.0 Gyaran Mulki da Addini

Ɗan Fartuwa ya jera wasu gyare-gyare da sarkin ya yi waɗanda ba su shafi yaƙi ba. Na farko, ya karɓe shari'a daga hannun hakimai da shugabannin dakaru ya damƙa wa alƙalai malamai. Kafin wannan, mai ƙara yakan je wurin mai sarauta ne, wanda zai yanke hukunci bisa al'ada ko son rai. Mayar da hukunci ga alƙali ya ba talaka wata kafa ta neman haƙƙi, ya kuma rage ƙarfin hakimai a gaban sarki. Na biyu, ya daidaita mudun awon hatsi a kasuwanni, don mai saye da mai sayarwa su tsaya a kan ma'auni guda. Na uku, ya rushe masallatan kara da ciyawa na birni ya gina na ƙasa. Har yanzu ana ganin burbushin gasasshen tubali a kufan Gazargamu da na Gambaru, wani mazaunin sarauta da ke kusa, wanda labaran baka ke dangantawa da zamaninsa. Na huɗu, ya tsananta wajen hana alfasha a bainar jama'a.

Idan aka dubi waɗannan tare za a ga manufa ɗaya ce ta haɗa su: a fitar da al'amuran jama'a daga ra'ayin mutum ɗaya a ɗora su a kan ƙa'idar da kowa ya sani. Irin wannan aiki ba ya da armashin labarin yaƙi, amma shi ne ya rage bayan an binne mayaƙan.

Ta fuskar tattalin arziki kuwa, dole a faɗi gaskiya cewa bayi suna cikin manyan hajojin da Barno ke fitarwa zuwa Arewacin Afirka, ana musayar su da dawakai da makamai da tufafi. Tun a farkon ƙarnin, Leo Africanus ya ba da labarin yadda ake ba da bayi goma sha biyar zuwa ashirin a kan doki guda a Barno. Ke nan yaƙi yana kawo bayi, bayi suna kawo dawakai da bindigogi, su kuma suna kawo wani yaƙin.

8.0 Hulɗa da Ƙasashen Waje

A shekarun 1570 Turkawa suka faɗaɗa ikonsu daga Tarabulus zuwa Fezzan, suka zama maƙwabtan Barno a kan hanyar ayari. Idris ya aika jakada har Santambul. Amsar da Sarkin Turkawa Murad na Uku (1574–1595) ya bayar a 1577 tana nan a ma'ajiyar takardun Turkiyya. Daga cikinta aka fahimci cewa Idris ya nemi a tsare lafiyar fatake da alhazan Barno, ya kuma nemi a bar masa wani sansani a yankin Fezzan. Murad ya amince da bukata ta farko, ya umarci gwamnoninsa su kula da matafiyan Barno, amma ya ƙi sakin sansanin.

Bayan 'yan shekaru, a 1582, jakadan Barno ya isa fadar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur (1578–1603), abokin hamayyar Turkawa, yana neman taimakon dakaru da bindigogi. Al-Mansur, wanda ke da'awar shi ne halifan Musulmi, ya gindaya sharaɗin a yi masa mubaya'a, har aka tsara takardar a fadarsa. Labarin wannan mubaya'a daga marubutan Maroko ya fito, musamman al-Fishtali, sakataren sarkin, don haka sai a karanta shi da lura. Abin da ke bayyane shi ne Idris ya san manyan dauloli biyu na arewa suna takara, ya kuma nemi ya ci moriyar kowacce ba tare da ya shiga aljihun ɗaya ba.

Shekara tara bayan haka, a 1591, rundunar al-Mansur ta ƙetare Sahara ta karya Songhai a Tondibi. Songhai ta fi Barno faɗin ƙasa da zinariya, amma yaƙin basasa na 'ya'yan Askiya Dawud ya riga ya raunana ta, kuma ba ta tanadi bindiga ba. Faɗuwarta ta bar Barno a matsayin babbar daular Musulunci a wannan sashe na Afirka.

9.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Mai Idris ya rasu a wajen 1596 yana bakin yaƙi a kudancin ƙasarsa. Labaran baka sun ce wani mutum ne da ya ɓuya a kan itace ya jefe shi da makami. An binne shi a Alau, kusa da Maiduguri ta yanzu, wurin da aka gina madatsar ruwan nan da ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Daga sunan wannan wuri aka sami laƙabin Alauma ko Alooma, wato na Alau. Ke nan bai taɓa jin wannan suna da kunnensa ba.

'Ya'yansa uku, Muhammadu da Ibrahim da Umar, sun yi sarauta bi da bi, sannan jikansa Ali ɗan Umar ya hau, wanda malamin Katsina Ɗanmarina ya yi wa waƙar yabo saboda nasararsa a kan Kwararrafa. Gazargamu ta ci gaba da zama cibiyar ilmi da ciniki har 1808, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci ta. Gidan Saifawa kuwa ya kai har 1846 kafin zuriyar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ta maye gurbinsa.

10.0 Tasirin Barno a Kan Hausa

Hulɗar Barno da ƙasar Hausa ta girmi Idris, amma ƙarfin da ya ba daular ya sa tasirinta ya daɗe yana kwarara zuwa yamma. Harshe ya adana shaidar haka. Sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama duk daga Barno aka aro su, kuma suna ɗauke da ɗafin nan -ma da aka gani a Alooma, wanda ke nuna mai abu ko mutumin wuri. Kacalla da Zanna da Maina ma daga can suke. A 1960 masanin harshe Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa. A fagen karatun allo kuma, gwani da tsangaya suna da takwarorinsu a Barbarci, wato goni da sangaya. Malamin da zai koyar da aron kalmomi yana da kyakkyawan misali a nan na yadda harshe ke bin sawun mulki da ciniki da ilmi.

11.0 Kammalawa

An ga yadda Mai Idris Alooma ya gaji daula mai rauni a cikin gida, ya tsare tsakiyarta, ya kashe gabar Kanem da yarjejeniya, ya ɗora shari'a a hannun alƙalai, ya kuma yi hulɗa da Santambul da Maroko a matsayin sarki mai cin gashin kansa. Waɗannan su suka ba Barno ƙarfin da ta rayu da shi bayan faɗuwar Songhai. An kuma ga cewa zaman lafiyar da Barebari suka samu, Sau da mutanen Amsaka ne suka biya kuɗinsa da gonakinsu da 'yancinsu da rayukansu, kuma babu wanda ya rubuta labarin daga ɓangarensu.

Malamin gobe zai tsaya gaban aji wanda wataƙila ya haɗa jikokin waɗanda suka yi nasara da na waɗanda aka ci da yaƙi, Babarbare da Bahaushe da Bamargi da Bangizime a benci ɗaya. Haƙƙinsa ne ya koyar da ƙwazon wannan sarki ba tare da ragi ba, ya faɗi abin da ya auku ga waɗanda suka tsaya a gabansa, sannan ya koya wa ɗalibai su riƙa tambayar wane ne ya rubuta labari, kuma don wa ya rubuta shi.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo madogaran tarihin Mai Idris Alooma guda uku, tare da bayanin ƙarfi da raunin kowanne.
2. Yi bayanin halin da Barno take ciki kafin 1564.
3. Ta yaya dabarar Idris a kan Sau-Gafata ta bambanta da ta sarakunan da suka gabace shi?
4. Me ya sa ake ganin yarjejeniyar Kanem ta fi nasarorin fagen fama muhimmanci?
5. Tattauna gyare-gyare uku da ya yi a fannin mulki da addini.
6. Kawo kalmomin Hausa biyar da aka aro daga Barbarci, ka rarraba su bisa fannonin rayuwa.